Fenti Ne Kawai, Alhaji

Duk dillalin tsohon jirgin faiba yana da amsa guda da ya haddace. Ka nuna masa tsaga a jikin jirgi, ko da ɗan akuya zai iya wucewa ta ciki, sai ya shafa wurin da tafin hannu ya ce, "Fenti ne kawai, Alhaji." Abin haushin shi ne sau da yawa gaskiya ya faɗa, ko da ba ita ya yi niyyar faɗa ba. Shi ya sa nake ganin mai saye yana ɓata lokacinsa in ya tsaya ƙirga tsagu yana tsaki. Inda tsagar take, da abin da ke motsi a bayanta, su ne cinikin.

Fatar jirgin mai sheƙi ma ba fenti ba ce. Wani ƙaro ne mai launi da ake fara fesawa cikin mazubi, kaurinsa wajen rabin milimita, sannan a shimfiɗa zaren gilashi da ƙaro a bayansa har jirgi ya yi jiki. Zaren gilashin yana lanƙwasa ya dawo. Fatar kuwa ba ta da wannan haƙurin, da an matsa mata sai ta dare, kamar shafen siminti a kan katangar ƙasa. In maƙerin ya cika hannu ya fesa ta da kauri, ko rana ta shekara tana gasa ta, za ta yi ƙananan tsagu ko'ina alhali jirgin lafiyarsa lau. Tsaga mai siffar gizo-gizo a wuri ɗaya yawanci duka ce: an jefa anga, ko an gwabza da dutse, ko wani yaro ya gwada ƙarfinsa. Wadda ta fito daga bakin ƙusa kuwa sakacin mai huda ne. Waɗannan a ƙwaƙule su, a cike, a goge, a rage wa dillali la'ada don ladabtarwa.

Masu hana barci su ne dogayen tsagun da suka jeru gefe da gefe a ƙasan jirgi, da waɗanda suka fito a kusurwar bangon baya inda ake rataye inji. Jeruwa tana nufin wurin yana lanƙwasa kullum, wato haƙarƙarin da ke ciki ya karye ko ya saki. Shi kuwa bangon baya, a jirage da yawa katakon filawud ne aka lulluɓe da faiba. Ruwa yana bin ramin ƙusoshin inji ya shiga, ya kwanta, katako ya ruɓe a ɓoye, waje na ta sheƙi abinsa. Ruwan daɗi ya fi na gishiri saurin ruɓar da katako, don haka mai kamun giwan ruwa a Kainji ko Tafkin Chadi bai fi na bakin tekun Legas tsira ba. A kan wannan dusa ce za a ɗaura inji mai doki 40, nauyinsa wajen kilo 70, a murɗa masa wuta. Inji dai ba ya iyo, kuma ranar da ya yi sallama da jirgi ba a bakin gaɓa yake yi ba. Gwajin bangon ba ya cin ko sisi: ka ɗaga injin, ka danna ƙafarsa da nauyinka, idonka a kan tsagar. In ta buɗe baki ta rufe, ta gama ba da shaida. Ka bi bangon da ƙotar sukundireba kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayye ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuwa dum. Ka kwance ƙusa guda, in ruwa mai kalar shayi ya biyo ta, ka ce wa dillali Allah ya kawo kasuwa.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, a nemi wanda ba shi da tsaga mana. Ni tsohon jirgin da ba shi da ko ƙwarzane shi ya fi ba ni tsoro. Jirgin da ya yi shekaru yana jan taru, ana tura shi kan yashi, ana jibga masa kwandunan kifi, sannan ya fito yana ƙamshin sabon fenti, an yi masa kwalliya ne domin baƙo, kuma baƙon kai ne. Wani kuma zai ce ai komai na faiba yana gyaruwa. Haka ne, amma cike tsaga aikin yini ne, sauya bangon baya kuwa sai an yanke fatar, an kwashe ruɓaɓɓen katako, an sake gini, har kuɗin gyara ya kama hanyar kuɗin saye. In kuma aka cike tsagar aka bar abin da ya haife ta, za ta dawo daidai inda take, da ƙannenta.

Saura mai cewa kunya yake ji ya hau injin mutane yana dannawa a gaban jama'a, ga dillali na ta "ranka ya daɗe, ba ka yarda da ni ba ne?" To, ya tambayi dillalin ko zai raka shi gwaji tsakiyar ruwa, ya zauna a baya kusa da inji. Nan take zai tuna cewa la'asar ta yi.