Yadda na zama malamin duba

Ana gab da jarrabawar lantarki zafi ya koro mu daga ɗaki, ni da abokina. Muka baje yashi a ƙofar gida. An ba shi 3 + j4, an ce ya mayar da ita igiyar wuta mai hawa da sauka, abu ya gagara.

Na zana da'ira, na tsaga ta huɗu, na ja kibiya daga tsakiya. Na ce, "Uku a kwance, huɗu a tsaye, tsawon kibiya biyar ke nan, kusurwarta digiri 53. Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, ninka da 2π ka samu 314. To rubuta 5 cos(314t + 53°). In kuwa biyar ɗin awon mita ce, ƙara ninkawa da 1.414, yadda 230 ɗin soket ke kaiwa 325 a ƙololuwa."

Ina ɗago kai sai ga wata tsohuwa durƙushe, ta ajiye ɗari biyu a gefen da'irar.

"Malam, a duba mini akuyata da ta ɓata."

"Iya, lissafi nake yi."

"Ai na sani, ɗan nan. Duk haka kuke cewa."

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Kawu, limamin unguwa. Ya iso yana huci.

"Bokon da aka kashe wa kuɗi, bugun ƙasa ya koya maka?"

"Allah gafarta Malam, ilimin injiniyoyi ne. Wani Bajamushe, Steinmetz, ya bayyana shi a Amurka a 1893."

Kawu ya nuna j ɗin. "Wannan mai ƙugiyar fa?"

"Lamba ce, in an ninka ta da kanta a samu -1."

"Ana iya ƙirga ta da yatsa?"

"A'a, Kawu. Amma duk abin da ta taɓa sai ya juya digiri 90."

Kawu ya ja da baya. "Ba a ganinta, tana juya kaya. A kawo ruwa!"

Aka yi mini tofi, aka share yashin da tsintsiya, abokina kuwa tuni ya yi layar zana.

Da magariba akuya ta dawo don kanta, ta ɓullo daga arewa maso gabas, daidai inda kibiyata ta nuna. Washegari da asuba na tarar da mata shida a zaure, da zakara ɗaure. Ta gaban layin matar Kawu ce.