Shahon Ingila Ya Tayar Da Tandabawi

Tela a Tandabawi ba ya rasa abin kallo. Ƙofar shago a buɗe take, ga masu gangarawa Shara Mansur, ga masu dawowa daga Harami, ga masu cacar baki kan canjin riyal biyu. Sai da korona ta zo, aka sa wa Makka dokar hana fita ta awa 24 a watan Afrilun 2020, sannan na san zaman ɗaki. Keken ɗinki ya yi ƙura. Ni da uwargida muka ƙarar da duk hirar da ke tsakaninmu, muka koma tono faɗan bara.

Ɗan yayata da ke zaune a wurinmu shi ya jawo mini. Ya miƙo waya ya ce, "Kawu, riƙe wannan ko Inna ta samu ta huta." Na duba, sai ga tarin ƙirare a ƙolin bishiya, tsuntsuwa zaune a tsakiya, iska na kaɗa gashin ƙeyarta. Na jira ta yi wani abu, ba ta yi ba. Na ce yaushe fim ɗin zai fara? Ya ce ba fim ba ne, kyamara ce aka ɗaura a sheƙar, abin da ke faruwa yanzu-yanzu nake gani a wani daji na ƙasar Sikotilan da ake kira Loch Arkaig. Wata ƙungiya mai suna Woodland Trust ce ta kafa ta tun 2017.

Tsuntsun shaho ne, amma mai kamun kifi. Cikinsa fari, bayansa ƙasa-ƙasa, ga baƙin layi ya ratsa idonsa har ƙeya. Ba ruwansa da kaza. Daga sama yake hango kifi, ya sulmiyo ya faɗa ruwa da ƙafafu, wani lokaci har ya nutse, sannan ya taso yana karkaɗe jiki. Yatsarsa ta gefe tana juyawa baya, su zama biyu gaba biyu baya, tafin ƙafar kuma da kaushi, saboda haka duk santsin kifi da wuya ya suɓuce masa. Namijin an raɗa masa Louis, macen Aila. Na ce lallai Turawa ba su da aikin yi, har da raɗin suna, saura a yanka rago.

A ƙauyenmu na ƙasar Katsina, kafin a kawo ni nan, aikina na farko a duniya gadin 'yan tsaki ne. Da zarar shirwa ta fara shawagi sai in kwarara ihu, in wurga duk abin da hannuna ya kai gare shi. Tun daga nan na ɗauki duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki ɓarawo. To amma da ƙwan Aila suka ƙyanƙyashe, bayan kwancin sama da mako biyar, sai ga wasu 'yan halittu uku, kai ya fi ƙarfin wuya, suna tangaɗi suna faɗuwa. Uwar ta dafe kifi da ƙafa, ta yago tsoka 'yar mitsitsiya, ta karkata kai ta miƙa a hankali. Babban ya ture ƙaramin ya cafe. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba baiwar Allah, ba shi mana, ai shi ma ɗanki ne." Daga ranar aka gama da ni.

Barci ya ƙaurace mini, domin a lokacin zafinsu rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma, mu kuma muna gabansu da awa biyu. Mun idar da isha'i mun ci tuwo, su tsuntsaye suna shan hantsinsu na yamma. Ranar da aka wuni ana ruwa Aila ta baje fukafukai a kan 'ya'yan, ruwa na ɗiga ta bakinta, ko motsi ba ta yi. Ina zaune cikin zafin Makka, fanka na juyawa a kaina, na tashi ina neman mayafi.

Da na matsa wa yaron da tambaya sai ya riƙa karanta mini abin da ke kashe su, kuma da ma bai karanta ba. A wannan sheƙar dai, a 2018, wata dabbar daji mai kama da tunku ta hau da dare ta kwashe ƙwan. Mujiya kan kawo farmaki cikin duhu. Ruwan kwana biyu kan hana uban ganin kifi, yunwa da sanyi su haɗu a kan ƙaramin. Iyayen da kansu sukan kwaso igiyar roba ko zaren fatsa su sa a sheƙa, ya naɗe ƙafar ɗa. Sai kuma uban gayyar, ɗan'adam. Da bindiga da satar ƙwai aka ƙarar da su a Sikotilan wajen 1916, ba su sake sheƙar da aka tabbatar ba sai 1954 a Loch Garten, inda daga baya sai da aka naɗe gindin bishiyar da waya mai ƙaya, aka sa masu gadi dare da rana. Satar ma ba don a soya ba, don a jera ɓawon a akwati a riƙa kallo. Kada a ce labarin da ne: a ƙarshen Afrilun 2021, a tafkin Llyn Brenig na yankin Wales, wani ya zo da dare da zarto mai inji ya sare turken da sheƙa ke kai, jim kaɗan bayan macen ta sa ƙwan farko. Na yi shekaru ina jin labarin mugunta a bakin shago, ban taɓa jin mai sammakon zalunci irin wannan ba.

Wahalar wannan kallo ɗaya ce: kana ganin komai, ba ka iya komai. Masu kyamarar ma ƙa'idarsu ita ce a bar daji da halinsa, ba su cika sa hannu ba. Bature na iya kallo ya ce haka halitta take, ya kurɓi shayinsa. Wanda aka horar da gadin tsaki ba zai iya ba.

In Agusta ta yi uwar ce ke fara tafiya, ta bar uban yana ciyarwa. Daga baya 'ya'yan su tashi ɗai-ɗai, ba jagora, su ƙetare teku da Sahara, yawancinsu su sauka Senigal da Gambiya. Kakanninmu da suka taho nan a ƙasa ta Chadi da Sudan sun san irin wannan hanya, sun kuma san ba kowa ke isa ba. Su dai tsuntsaye ba a tambayar su iƙama, shi ne kawai sauƙinsu. Afrilun 2021 Louis ya dawo ya gyara sheƙa ya zauna jira. Aila shiru. Na daina cin abinci sosai. Wata rana da asuba uwargida ta tsare ni a bakin ƙofa.

"Malam, wace ce Aila?"

"A ina kika ji?"

"A bakinka, cikin barci. Wai ba ta dawo ba, wai ko hamada ce ta cinye ta. 'Yar Jidda ce ko 'yar Madina?"

Na ce tsuntsuwa ce. Ta ce ai duk haka kuke cewa. Na nuna mata wayar, sheƙa kuma ba kowa a ciki, domin Louis ya gaji da jira ya bi wata mai suna Dorcha zuwa wata bishiyar da ba kyamara a lokacin. Ta kalli tarin ƙirare, ta kalle ni, ta ce, "Au, har da Dorcha?" Tuwon ranar ba gishiri.

Babban tashin hankalin sai a Agustan 2022. Lokacin na ƙara da wata sheƙa a Poole, kudancin Ingila, inda wata mace da ake kira da lambar zoben ƙafarta, CJ7, ta daɗe tana zaman jiran miji, har Allah ya haɗa ta da wani mai lamba 022. 'Ya'yansu biyu su ne na farko da aka ƙyanƙyashe a gaɓar tekun kudancin Ingila cikin kusan shekara 200. Sun yi fiffike, sun fara tashi, na ce to an tsallake.

Bayan isha'i ne, ina saman bene saboda zafi, na jingina wayar a kan katanga. A ƙasa lungu ya cika: mai tsire na fifita wuta, mata sun baje fura da goro, samari na shan shayi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan tana zaune a sheƙa. Kafin ƙiftawar ido wani shahon daji, irin mai cin tsuntsaye, ya faɗo mata, suka rikito ƙasa tare.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai! Kai! Ga shi nan! Jama'a ya ɗauke ta!" Hannuna kuwa ya tuna aikinsa na ƙuruciya. Na ciro takalmi na wurga wa shahon, kuma a rayuwata ban taɓa saiti irin na ranar ba. Waya da takalmi suka bi iska suka sauka lungu.

Wanda bai san unguwarmu ba sai an yi masa bayani. A nan ba kowa ne takardarsa ke aljihunsa ba, saboda haka "ga shi nan" daga saman bene da dare ma'anarsa ɗaya ce, masu kame sun shigo. Kafin in leƙo, lungu ya zama wayam. Mai tsire ya bar tsire a wuta, kyanwoyin Makka kuwa ba a yi musu gayya sau biyu. Ƙwaryar fura ta kife. Wani maƙwabcina, dattijo mai tumbi wanda kullum yake kukan gwiwa, ya haura katangar da samari ke shakka, ƙusa ta raba masa jallabiya tun daga ƙugu har ƙasa. Abin haushin ma takardarsa lafiya lau take, ya ce ganin kowa na gudu ne.

Waɗanda suka ji rabin maganar na biyu kuma, wato "ya ɗauke ta", suka shiga ƙirga 'ya'ya. Aka nemi autarmu aka rasa. Uwargida ta ɗora hannu a ka, mata suka cika gidan da salati, wata har ta fara ba ni haƙuri. Ina cewa tsuntsu ne, tsuntsu ne, wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, aljani ne ya zo da siffar tsuntsu." Can aka samu yarinyar a bayan buhun shinkafa tana sharar barci.

Washegari aka zaunar da ni gaban dattijon unguwa. Ga mai tsire, ga mai fura, ga mai jallabiya ya riƙo ta a hannu. Shaida kuma babu, wayar ta tarwatse. Sai da ɗan yayata ya nemo hoton a tasa wayar. Dattijon ya gyara tabarau ya kalla har sau biyu.

"Tela, wannan da aka kama, kazarka ce?"

"A'a, Baba."

"Ta wani ɗan'uwanka ce?"

"A'a, Baba. 'Yar shaho ce."

"Wa ya kama ta?"

"Shaho, Baba."

"A ina?"

"Ingila."

Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce shi a saninsa shaho ya ci shaho riba ce ga mai kaji. Aka yanke mini kuɗin tsire da na fura, jallabiya kuma in ɗinka sabuwa, yadi da aiki duk a kaina. Ina tashi sai ya kamo hannuna ya rage murya ya ce, "To ita yarinyar, ta rayu?" Masu kula da sheƙar sun tsince ta da rauni, sun kai ta wurin likitan dabbobi, amma bayan 'yan kwanaki ta cika. Da na kai masa labari sai da ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya raya 'yar'uwar.

Sabuwar wayar da na saya ba ta daɗe a hannuna ba. A 2024 Louis ya rage kawo kifi, yanayi ya ɓaci, 'ya'ya suka rame, har masu sheƙar suka karya ƙa'idarsu a watan Yuli suka ɗauke biyun aka kai su Sifen, inda ake ƙoƙarin dawo da irinsu. Uwargida, wadda da take cewa ina ɓata kuɗin data a kan ƙirare, ita ce ta kwana tana zagin Louis. "Namiji ke nan. Ya bar mace da yara ba cefane." Na ce wataƙila ba shi da lafiya ne. Ta ce ai dole in kare shi. Yanzu ita da Dorcha ba mai shiga tsakaninsu, ni kuwa sai ta shiga kicin nake samun leƙawa.

Yaron ya ce mana tsuntsun nan da muke tsallaka duniya muna kallo yana nan a Bahar Maliya, bayan Jidda kaɗan, kuma a tsibiran Farasan da ke gaɓar Jazan a ƙasa ma yake sheƙarsa, da sanyin hunturu. Uwargida ta ce mu je. Na ce a'a, wanda aka yi a waya ma ban gama biya ba.

Na Sikotilan da Ingila suna dawowa sheƙa daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Jama'ar Tandabawi, daga nan har Agusta in kun ji ihu daga benenmu kowa ya zauna inda yake, muryar uwargida ce. Mai tsire ya riƙe tsirensa, ba zan sake biya ba.