Na je yaƙi da gwamnatin Tokyo, na dawo da jakar karɓar kuɗi

Malamarmu ta Japananci ta ce duk mai son karanta shafin siyasa a jarida sai ya haɗiye kalmomin mulki. Na haɗiye su kamar maganin zazzaɓi, ido rufe. Chuo shuken, tattara iko a hannun gwamnatin tsakiya. Sankin kotai, dokar 1635 da ta sa manyan hakimai yin shekara guda a Edo, wato Tokyo ta yau, guda a ƙasarsu, matansu da magadansu na zaman jingina a Edo. Haihan chiken, rushe masarautu da gwamnatin Meiji ta yi a 1871 ta kafa larduna, Tokyo na naɗa musu gwamnoni har 1947.

Ilimi ya cika ciki, saura wurin amayarwa. Sai ga ledar sharata an dawo min da ita bakin ƙofa, da takarda manne: wai na haɗa robar ruwa da ɓawon ayaba. Na ce lallai hannun ma'aikatun gwamnatin tsakiya da ke Kasumigaseki ya iso har kwandona.

Ranar taron unguwa muka durƙusa kan tabarmar tatami har ƙafafuna suka mutu. Shugabar wata tsohuwa ce, kaicho ake ce mata. Kunnen Bahaushe kuwa kaico yake ji. Na miƙe da ƙyar, na ce matsalar unguwar nan shuken ce, kuma ni zan ɗauki nauyinta.

Ɗaki ya yi tsit, sai tafi raf-raf. Wani dattijo har da riƙe min hannu. Ashe shukin suka ji, wato bin gida-gida karɓar kuɗin ƙungiyar unguwa, aikin da kowa ke gudu. Kafin in zauna an rataya min jaka da littafin rasit.

"Kaicho-san, ni fa gwamnatin tsakiya nake nufi."

Ta gyara tabarau. "Yaro, Tokyo ba ruwanta da shararka. Kowace ƙaramar hukuma ke tsara nata. Ledarka kuwa ni na dawo maka da ita."

Yanzu nakan bi ƙofofi ina rusunawa, ko yen ɗaya kuma ba ya kwana wurina, hannun tsohuwa yake zarcewa. Da na ba malama labari, ta ce a ajin kaf ni kaɗai nake yin chuo shuken a aikace.