Kuɗin Nawa Ne, Bakin Nasu

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, babur ɗina ya zama kayan adon zaure. Na daure, na daure, ranar da na ga ina lissafin ko in je gaisuwar mutuwa ko in bar man ya kai ni aiki, sai na ce keke zan saya. Ba Fonis irin na masu kai itace ba. Keke mai giya nake so, mai kaurin taya, irin wanda Turawa suka ƙera don hawan duwatsu. Kada a tambaye ni wane dutse zan hau a Kano. Dala matakala ake bi, Goron Dutse kuwa Allah ya raba mu da abin da zai kai mu can. Tudun da ke gabana bai wuce gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ba, sai ramukan layinmu idan damina ta kankama.

Abin da na tara naira dubu 95 ne, kwasar adashi. Kuskurena ɗaya: na faɗi haka a majalisa bayan sallar isha'i. Kafin a watse na gane ashe duk unguwarmu masana keke ne, ni kaɗai ne jahili.

Wanda ya fara shi ne Baba mai Rali. Kowace unguwa tana da nata. Ya sayi kekensa zamanin kuɗin Udoji, baƙi wuluk, mai birkin sanda, har yau yana goge shi da tsumma duk asuba kamar mai yi wa ango wanka. "Ɗana," in ji shi, "keke ɗaya ne a duniya, Turawan Ingila suka yi shi, daga nan kuma aka rufe ƙofa." A wurin Baba nauyi shi ne nagarta. Idan ya ɗaga keke da hannu ɗaya bai yi nishi ba, sai ya ajiye ya ce gwangwanin madara ne. Giya kuwa a ganinsa ƙirƙirar malalata ce: Allah ya ba ka cinya, me za ka yi da waya a kan hannun keke? Ban yi masa musu ba. Mutumin da ya kai matarsa asibiti haihuwa sau bakwai a kan kariya ba a yi masa musun keke.

Akwai mai "ƙara kaɗan". Ka ce masa dubu 95, ya ce ka ƙara hamsin kawai ka sayi na gaske, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kalmar "kawai" ɗin nan ba ta taɓa fita daga aljihunsa ba. Akwai mai "ina da mutum a Kwatano", wanda mutumin nasa kullum kwantena tana kan ruwa. Akwai kuma gwaggona, da ta riƙe haɓa ta ce, "Malami guda da iyali a kan keke? Me surukanka za su ce?" Surukan nan dai ba su taɓa saya mini ko rabin lita ba.

Amma duk waɗannan yayyafi ne. Ruwan sama shi ne Farfesa.

Farfesa abokina ne tun firamare, kuma a iya sanina rabonsa da keke tun na haya da muke karɓa a ƙofar makaranta. Abin da yake da shi waya ce da data. Daren da ya ji maganar ya kwana a YouTube, da safe ya zo mini da jajayen idanu da ilimin da ya fi ƙarfin kuɗina sau goma. Bai ce in sayi wane ba. Tarihi ya fara. Wai sai na san cewa a shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu ƙatuwar taya, su Gary Fisher da Joe Breeze da Tom Ritchey. Wai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a Atalanta. Na ce, "Farfesa, ni fa makaranta zan riƙa zuwa." Ya ce ai matsalarmu ke nan, ba ma son sanin asali.

Daga tarihi ya shiga sarauta. Kayan giyar Shimano, kamfanin nan na Japan, suna da daraja hawa-hawa, Farfesa kuwa ya haddace su kamar maroƙin fada. Tourney mai unguwa ne. Altus da Acera dagatai. Alivio hakimi. Daga Deore an shiga majalisar sarki, sai SLX, sai XT, idan aka kai XTR sai a buga tambari kowa ya cire takalmi. Ya ce ƙasa da Deore kada in ko kalla. Na tambaye shi dubu 95 ina take tsayawa a wannan fada. Ya yi shiru, ya latsa waya, ya ce, "Gaskiya ƙofar gidan mai unguwa."

Bai karaya ba. Taya mai inci 26 ta mutu, in ji shi, duniya ta koma 29, ko aƙalla 27.5. Birki sai na faranti mai aiki da mai, ba na waya ba. Giya uku a gaba tsohon yayi ne, yanzu ɗaya ake sawa a gaba, goma sha biyu a baya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne a inda aka ɗauki bidiyon. Abin da bidiyon bai gaya masa ba shi ne mai facin bakin layinmu tiyub ɗin 26 ne rataye a rumfarsa, kuma bakin famfonsa ba ya kama siririn bawul ɗin nan na kekunan 'yan gayu. Ranar da birkin mai ya sha iska kuwa, sai dai ka ɗauki keken a ka kana neman wanda ya taɓa ganin irinsa.

Na yi gangancin tafiya da shi kasuwa. Kafin mu gama sallama ya durƙusa gaban keken farko yana haska giyar baya da fitilar waya, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa wa dangi ba. Ya ciro tef ɗin tela daga aljihu ya ce in buɗe ƙafa zai auna ni daga ƙasa zuwa matsematsi, a tsakiyar kasuwa, mata na wucewa. Ya yi wa mai kaya tambaya da Turanci ta hanci. Mai kaya ya dube shi, ya dube ni, keken da ya yi wa wani kuɗi dubu 90 a gabanmu ya koma 130, tunda manya sun zo. Da aka gaji aka ce to Farfesa ya hau ya gwada mana, sai ya tuna gwiwarsa tana damunsa tun sanyin bara.

Sai dai in ba shi haƙƙinsa, abu biyu ya faɗa da suka cece ni. Na farko girman keke: idan ka tsaya ƙafa biyu a ƙasa sandar tana dukanka, ko kana miƙa hannu kamar mai ɗauko kaya a kan rumbu, ba naka ba ne ko kyauta aka ba ka. Na biyu, da ɗan kuɗi kada ka kusanci mai shok biyu.

Wannan ya kawo ni ga yaron nan mai son shok biyu, wanda za ka same shi a kowace rumfa yana danna sirdi yana murmushi. Shi dai ya ga ƙaton sifirin ja a tsakiya. Bai san cewa a keke mai araha wannan sifirin nauyi ne kawai ba, kana taka feda yana shanye ƙarfinka kamar mai gudu a kan katifa, bayan wata uku kuma ya fara kukan ƙofar langa-langa. Ɗan'uwansa shi ne mai ƙirga giya. "Nawa ce? Ashirin da ɗaya? Nawa ashirin da huɗu." Uku a gaba sau bakwai a baya ne ashirin da ɗayan, da yawansu maimaicin juna ne, shi kuma tun da ya sayi nasa sarƙar tana wuri ɗaya, don ranar da ya taɓa ta zube.

Dillali kuwa ina son shi, Allah ya sani. Duk keken da ya dafa wata tsohuwar Baturiya ce take hawa zuwa coci ranar Lahadi, ko ƙasar Najeriya bai taka ba sai jiya. Duk wanda ka nuna, yanzun nan wani Alhaji ya taya ya tafi ciro kuɗi. "Yallaɓai, taya mana." Ka taya, ya kama kai ya ce albarka kamar ka zagi iyayensa, ka juya za ka tafi ya riƙo rigarka. Idan ka nuna masa sunan kamfani da aka rubuta da harafi ɗaya a karkace, ya ce ai reshensu ne na Dubai. Ya ci la'ada a wurinka, ya ci a wurin mai kaya, ya raka ka da addu'a. Ƙaryarsa irin wadda kowa ya san farashinta ce, ba ta karya ƙashi.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai liƙa sitika.

Yawancin kekunan gwanjo masu sauƙin nauyi jikinsu na alminiyam ne. Ƙarfe idan ya gaji yakan lanƙwasa, ya ba ka sanarwa, mai walda na bakin titi ya ɗinke maka. Alminiyam tsagewa yake yi siriri kamar gashi, galibi a bakin walda, kusa da wuyan keke ko gindin sirdi ko wajen feda, ya yi ta ci a ɓoye har ranar da zai rabu gida biyu. Mai kaya ya san wannan sarai. Sai ya samo sitika mai ƙyalli ya manna daidai wurin, ya goge da mai, ya jera. Wani yaro mai koyon ɗinki a layinmu ya tara kuɗin ɗinkin sallah biyu ya sayi irin wannan. Sati uku ya hau. Ya faɗa wani rami da gudu, wuyan keken ya cire, ya bar haƙora biyu a kan kwalta, ƙashin kafaɗa ya karye, wata biyu bai taɓa keken ɗinki ba. Da aka koma da gawar keken, mai kaya ko tashi bai yi daga benci ba. Ya ce kaya sun fita, an yi sallama, kuma ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan ba ciniki ba ne. Wanda ya ga tsaga ya rufe ta ya miƙa wa yaro ya san abin da ya sayar, kuma ya daina jingina wa ƙaddara abin da ya liƙa da hannunsa. Ni ma na sa farce na ɗaga wata sitika a rumfa ta uku da muka shiga, na ga layin nan baƙi siriri a ƙasa. Mai kayan ya ce fenti ne ya karce. Ban amsa masa ba, don abin da ya zo bakina bai dace da malamin makaranta ba.

A ƙarshe wanda ya saya mini keke shi ne mutumin da bai ce uffan ba duk watan nan, mai facin bakin layi. Na tambaye shi don me bai ba ni shawara ba, ya ce, "Malam, ai ba ka tambaye ni ba." Na biya masa kuɗin mota muka koma ranar Asabar, ba tare da Farfesa ba. Bai kalli suna ba. Ya ɗaga keke ya juya taya yana duban ko tana rawa tsakanin robar birki. Ya matse birkin gaba ya jijjiga, yana sauraren boris ɗin wuya. Ya ja sarƙa daga jikin farantin gaba ya ga iya inda za ta ɗago, ya shafa haƙoran giya ko sun yi tsini. Ya bi kowace walda da babban yatsa, duk sitikar da ya gani sai ya ɗaga gefenta. Kekuna shida ya ajiye, na bakwai ya ce, "Wannan." Wani tsoho ne mai shok ɗaya a gaba, taya 26, birkin roba, giyar mai unguwa, fentinsa ya koɗe kamar tsohuwar atamfa. Dubu 84 aka sallama. Sauran ya tafi a sabuwar robar birki, tiyub, kwaɗo da sarƙar ɗaurewa. Hular kwano sai wata na gaba.

Tun daga nan masu aro suka buɗe layi. "Yaya, ba ni in je nan bakin titi in dawo." Bakin titin nan wani lokaci har Kura yake kaiwa, keken ya dawo da giya a hargitse da labarin cewa haka aka same shi.

Ni kuma, in faɗi gaskiya, yanzu da ɗan maganaɗisu nake yawo a aljihu. In na ga keken mutum a jingine ƙofar masallaci sai in manna in ji ƙarfe ne ko alminiyam, in jira mai shi ya fito in yi masa bayanin da bai nema ba. Uwargida ta ce har cikin barci ina ambaton Alivio, ta so ta san 'yar wace unguwa ce.

Ranar Litinin da ta wuce na tunkari gadar Ƙofar Nassarawa, dutsen da na sayi keken dominsa. Na kai rabi numfashi ya fara gardama, na murɗa giya, na murɗa ta baibai, feda ta yi tauri kamar an zuba mata siminti. Na sake murɗawa, sarƙa ta yi ƙara ta zame. Ina durƙushe a gefe hannu duk baƙin mai sai na ji ƙararrawa a bayana. Baba ne a kan Ralinsa, babbar riga a naɗe a kafaɗa, rabin buhun masara a kariya, yana takawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bai tsaya ba. Ya dai rage, ya leƙo.

"Sannu, ɗana. Wannan giya ta nawa ce?"