Matsalolin da Za Su Fuskanci Saurayin Rijiya Idan Ya Zo Neman Aure a Miga

Manga kalma ce ta Japananci da ake kiran littattafan labari na zane da ita, waɗanda ake karanta su daga dama zuwa hagu, tsarin da ba zai ba duk wanda ya taɓa riƙe allo a makarantar tsangaya wahala ba. A cikin rassan wannan adabi akwai wanda ya shahara da labari guda da ake ta sauya wa riga, wato budurwa 'yar makaranta ta faɗa wani rami, ta ɓulla a zamanin da ya shuɗe, ta tarar da saurayi kyakkyawa wanda ba cikakken ɗan Adam ba ne, sannan su shafe shekaru suna faɗa da juna kafin su gane cewa so ne yake ɗawainiya da su. A cikin Inuyasha na Rumiko Takahashi, wanda aka buga daga 1996 zuwa 2008 cikin juzu'i 56, Kagome ta faɗa rijiyar gidansu a Tokyo ta koma baya da kimanin shekara 500, inda ta haɗu da wani matashi mai kunnuwan kare. A Kamisama Kiss kuwa na Julietta Suzuki, wanda ya fito daga 2008 zuwa 2016, uban Nanami ne ya tsere wa masu binsa bashi ya bar ta a titi, sai aka damƙa mata wani wurin bauta tare da hadimi mai siffar yanyawa da ya kwana biyu a duniya.

Tun da wayar hannu da shagunan masu tura fina-finai suka kai katun ɗin ƙasashen waje har lungunan Dutse da Jahun da Miga na jihar Jigawa, dattawa suka samu sabon abin faɗa, kamar yadda suka samu a kan fim ɗin Indiya, da kuma littattafan soyayya irin su In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar. Sai dai nazari cikin natsuwa zai nuna cewa babu baƙon abu a labarin. Haɗa rijiya da aure tsohuwar harka ce a ƙasar Hausa, tunda a bakin rijiyar Kusugu ta Daura Bayajida ya kashe macijiya, ladan aikin kuma ya zama auren Sarauniya Daurama, ba tare da tarihi ya ambaci akwatin lefe ko ɗaya ba. Tafiya cikin zamani ma ba sai an koya wa kowa ba: mutumin da ke kwance a ɗakinsa a Dutse yana rantsuwa ta waya cewa ya wuce Jahun ya riga ya shiga gobe, uwar bikin da ta rubuta ƙarfe huɗu a kati ta buɗe taro bayan isha'i tana da nata agogon, shi kuwa ɗan siyasa yakan faɗa rijiyarsa washegarin zaɓe, ba ya ɓullowa sai bayan shekara huɗu, da buhun taliya a kafaɗa, bai kuma tsufa ko kaɗan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da saurayin rijiya zai turo magabatansa. Matsala ta farko ta fassara ce, domin abin da Japanawa ke kira kami, wato halittun ɓoye da mabiya addinin Shinto ke dangantawa da duwatsu da koguna da itatuwa, ya fi kusa da abin da 'yan bori ke kira iskoki, don haka duk tafintan da ya tsaya kan gaskiya dole ya gabatar da manemin a zaure da sunan ɗan iska, kuma ba a taɓa jin waliyyin da ya ci gaba da sauraro bayan wannan gabatarwa ba. Idan an tsallake nan da dabara, sai a zo ga binciken asali, wato al'adar tura mutane a ɓoye su tambayi ɗan gidan wane ne, wace sana'a yake yi, a wane masallaci yake sallar asuba. 'Yan binciken da za a tura rijiya mai zurfin shekara 500 za su buƙaci kuɗin mota na zuwa da dawowa, da na abinci, da ɗan abin da za a bar wa iyali, ga shi kuma ba a san guga mai irin wannan igiya ba. Batun kunnuwan kare ana iya rufe shi da hula zanna idan an danna ta sosai, ko da yake gwaggon amarya, wadda ba ta taɓa kuskuren gano aibin surukin da bai ba ta goro ba, za ta hango su tun daga soro.

Shekarun ango ne kaɗai ba za su jawo gardama ba. Manemi mai shekara ɗaruruwa, muddin yana da fadamar shinkafa da shanu da babur na haya guda biyu, za a ce da shi mutum ne mai hankali wanda ya san darajar mace, a kuma shaida wa yarinyar cewa shekaru ba komai ba ne.

Lefe shi ne zai karya shi. Jarumin manga yana iya sare dodo da takobi guda, ya tare kibiya da ƙirjinsa, ya jira masoyiyarsa ƙarni bayan ƙarni, amma ba a taɓa zana shi yana tsaye yayin da matan unguwa ke buɗe akwatuna suna ƙirga atamfa da leshi da mayafai, suna shinshina turare, suna kwatanta su da na 'yar maƙwabta da aka kawo bara ba. Bayan haka akwai kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye da sadaki da kuɗin sayen baki, ga ƙawayen amarya da za su nemi na kwalliya da na hoto, alhali dukiyarsa gaba ɗaya ba ta wuce takobi da riga guda ja ba, ko takalmi ba ya sawa. Ita ma budurwar da take mafarkin komawa zamanin da ya kamata a sanar da ita cewa Miga ta shekara 500 da suka wuce ba ta da wurin cajin waya, ba injin niƙa, ba ruwan leda, sai turmi da taɓarya da dutsen niƙa tun kafin fitowar rana, wanda shi ne ainihin zamanin da kakarta ke yabo kullum tana zaune a gaban fanka mai aiki da hasken rana.

Saboda haka iyayen da ke fargabar wani aljanin Japan zai ɗauke musu 'ya su kwantar da hankalinsu, su miƙa masa jerin kayan lefe a rubuce. Da ƙafarsa zai koma rijiyar, ya ja murfin ya rufe.