Rabe-raben Masu Sayen Tayar Babur a Ƙasar Mafara

Taya ita kaɗai ce sashen babur da ke taɓa ƙasa, kuma wurin da kowace ƙafa take taɓawa bai wuce faɗin tafin hannu ba, ta yadda ƙarfin inji da kamun birki da duk gwanintar mai tuƙi a kan wannan ɗan wuri suke dogara. Ganin haka, sai a zaci cewa mai sayen taya zai fara duba irin hanyar da yake bi da nauyin da yake ɗauka kafin ya buɗe bakin aljihu, amma wanda ya zauna a rumfar mai faci ranar Talata, wato ranar da kasuwar Talata Mafara take ci, zai lura cewa hanya ita ce abu na ƙarshe da akasarin masu saye suke tunawa da shi.

Hanyoyin yankin kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai kwaltar da ta taso daga Gusau ta ratsa Mafara ta nufi Sakkwato, wadda take yin zafi da rana tsaka a watan Afrilu har takan yi laushi. Akwai burji, wato hanyar jar ƙasa da tsakuwa, da ƴan ƙananan hanyoyin yashi da suke shiga ƙauyukan Maradun da Bakura, inda ƙayar aduwa da ta bagaruwa suke kwance suna jiran rabonsu. Sannan akwai gaɓar magudanan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, inda laka take zama kamar sabulu ko da rani. Babur ɗaya yakan bi dukkan ukun a wuni guda, musamman na ƴan kabu-kabu, sunan da ake kiran masu haya da babur a wannan yanki, waɗanda Kanawa suke ce wa ƴan acaɓa.

Wanda ya fi yawa a cikin masu saye shi ne mai gwaji da babban yatsa. Wannan bawan Allah yakan ɗauki taya ya danna ta da yatsa, ya ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne kamar mai sayen tulu, ya jefa ta ƙasa ya ga yadda za ta yi tsalle, wani lokaci ma ya shinshina ta, sannan ya dubi mai kaya ido cikin ido ya ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, wagga ta ƙwarai ta?" Ba a taɓa jin mai kaya ya amsa da a'a ba, kuma shi mai tambayar ya san haka, amma amsar takan sanyaya masa rai. Ma'auninsa shi ne tauri, domin a ganinsa taya mai tauri ita ce mai ƙarko, alhali kuwa roba idan ta tsufa ma tauri take yi, kuma taurin tsufa shi ne yake hana ta kama ƙasa. Ta haka ne yakan bar sabuwa mai ɗan laushi ya ɗauki wadda ta shekara biyar a rataye a rana, ya tafi yana murna ya yi dabara.

Kusa da shi a tunani akwai ɗan Kwatano, wato mutumin da ya yi imani cewa duk abin da Bature ya yi amfani da shi ya yar ya fi sabo. Sunan ya samo asali daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin, tashar jiragen ruwan da kayan gwanjo suka daɗe suna biyowa zuwa Najeriya, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da gwamnati ta haramta shigowa da su. Hujjar ɗan Kwatano ita ce hanyoyin Turai ba su cin taya, saboda haka wadda ta yi shekara uku a can tamkar amarya ce a nan, kuma ba ya son a tuna masa cewa wanda ya cire ta yana da dalilin cire ta. Yakan yi ƙorafin cewa ba a yin taya a gida, kuma a nan yana da ɗan gaskiya, tunda kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, abin da ya bar kasuwa a hannun kayan Indiya da Sin da Taiwan, irin su MRF da CEAT da CST da Kenda. Sai dai duk ranar da tayarsa ta fashe a hanyar Bakura ba ya ɗora laifin a kan Baturen da bai sani ba, mai facin da ya ɗaura masa ita yake nema da faɗa, kamar zomon da ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Shi kuwa mai "da sauranta" ba mai saye ba ne a haƙiƙa, mai zuwa ne kullum. Tayarsa ta suɗe, wato zanen da ke bayanta ya cinye har ta yi sanƙo, zaren cikinta ya fara leƙowa, tif ɗinsa kuma, wato robar ciki mai riƙe iska, ya sha faci a kan faci har ba a iya tantance asalin launinsa. Amfanin zanen taya shi ne ya kore ruwa da laka daga ƙarƙashinta don roba ta samu ƙasa ta kama, kuma masu ƙera ta sukan bar ƴan ƙananan tudu a cikin ramin zanen, waɗanda idan suka yi daidai da bayan taya to lokacin canji ya yi. A wurin wannan mutum tudun sun shuɗe tun bara, amma idan mai faci ya ce masa, "Baba, wagga ta gama aiki," sai ya shafa ta kamar mai shafa tsohon doki ya ce da sauranta, a dai yanko tsohuwar roba a shimfiɗa a ciki. Idan aka tara abin da ya biya na faci a damina ɗaya, da wunin da ya ɓata yana tura babur daga bakin gona, zai sayi sabuwa har ya samu canji, amma shi lissafinsa na yau ne kawai, kuma kuɗin faci na yau bai taɓa kai kuɗin taya ba.

Wanda ya fi cancantar dogon bayani shi ne ɗan tsere, domin shi kaɗai ne a cikinsu yake da aƙida. Galibi matashi ne, wani lokaci ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara, wani lokaci ɗan gidan mai hali, wanda ya kalli tseren babura na Turai a wayarsa ya ga yadda mahaya suke kwantawa a kwana har gwiwarsu tana shafar kwalta, sai ya yanke cewa sirrin duka yana cikin faɗin tayar baya. Babur ɗin tsere na gaske, irin wanda samari suke kira fawa-baik, yakan ɗauki taya mai lamba 120/70 a gaba da 180/55 a baya, dukkansu a kan wili mai inci 17, inda lambar farko take nufin faɗin taya a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta a matsayin kaso cikin ɗari na wancan faɗin. Irin wannan taya ana yin ta da roba mai laushi wadda sai ta ɗauki zafi take kama kwalta sosai, zanenta kaɗan ne, bayanta a gantsare yake don babur ya iya karkata, kuma tana cinyewa da wuri, domin an ƙera ta ne don riƙo ba don daɗewa ba. Ɗan tseren Mafara kuwa babur ɗinsa mai ƙaramin inji ne wanda da ƙyar yake haura kilomita 100 a sa'a ko da iskar hunturu tana tura shi, wilinsa siriri ne da aka yi wa taya mai inci uku, amma ya rantse sai an cusa masa mafi faɗin da ke kasuwa.

Abin da yake biyo baya sananne ne a wurin kowane makaniki. Taya mai faɗi idan aka matse ta a siririn wili takan tsuke ta yi ƙozo, sai wurin da take taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, babur ya yi nauyin juyawa, wani lokaci gefenta ya riƙa gugar sarƙa, mai ya ƙara ƙonewa, wato dai gyaran gangar Auzinawa. Duk wannan bai dami ɗan tsere ba, saboda daga baya ake kallon babur idan ya wuce majalisa, kuma daga baya tayar tana da kwarjini. Yana alfahari da harafin da ke gefenta, wanda shi ne alamar iyakar gudun da za ta jura, ya ce tasa mai W ce, wato kilomita 270 a sa'a, alhali mai P, wadda iyakarta 150, ta ishe shi har da ragi. Jarrabawarsa takan zo ranar da aka aike shi ƙauye bayan an ɗauke ruwa, inda tayar da aka yi don kwaltar Italiya take haɗuwa da lakar fadama, sai a gan shi yana tafiya da ƙafafu biyu a ƙasa kamar agwagwa, tsoho a kan tsohon Jincheng mai taya mai haƙora ya wuce shi ya yi masa sannu. Yana da kyau a ƙara da cewa sabuwar taya kowace iri takan yi santsi a tafiyar farko kafin bayanta ya gogu, kuma ɗan tsere a ranar da ya ɗaura ta yake son nuna ta, shi ya sa mai faci da mai ɗori suke yawan ganinsa a rana ɗaya.

Kishiyarsa shi ne manomin rani na Bakolori, wanda bai ɗauki babur abin hawa ba, jaki ya ɗauke shi wanda ba ya cin dusa. Shi ba ya tambayar suna ko kyau, abin da yake nema shi ne lambar da ke gaban haruffan PR, wato ma'aunin ƙarfin ginin taya, kuma idan ya ga 6 sai ya tambaya ko akwai 8. Zaɓinsa ya fi na kowa kusa da hankali, tunda Bajaj Boxer ɗinsa zai ɗauki buhun shinkafa biyu da kwandon tumatir da shi kansa da ƙanensa a kan tanki, amma yakan ɓata rawarsa da tsalle wajen iska. Ba ya yarda da geji, wato abin auna iskar taya. Sai ya sa yaro ya yi ta bugawa har sai ya harbi tayar da ƙafa ya ji ta kamar dutse, kuma yakan yi haka ne da rana bayan doguwar tafiya, alhali iska ana auna ta ne taya tana sanyi, saboda zafi yana ƙara matsinta. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai take cinyewa kuma ba ta kama ƙasa, mai ƙarancin iska kuwa zafi take ɗauka ta tsattsage a gefe, amma shi na biyun kawai yake tsoro.

Akwai kuma malamin gefen taya, wanda ya san dukkan abin da aka ambata a sama har da ƙari. Ya san kibiyar da ke nuna inda taya za ta fuskanta wajen juyawa, ya san cewa zanen ta gaba daban yake da na ta baya, ya san bambancin mai tif da tubles, wato wadda take riƙe iska da kanta kuma ba ta sacewa farat ɗaya idan ƙusa ta shige ta, har yakan ba da labarin John Boyd Dunlop, likitan dabbobin da ya yi wa keken ɗansa tayar iska a Belfast a 1887. Yakan sa a sauko masa da taya shida, ya sa tabarau ya karanta kowace, ya gyara wa mai kaya kuskurensa a gaban jama'a, sannan ya ce zai dawo Talata mai zuwa. Mafi yawan lokuta babur ɗin da ya zo da shi na aro ne.

Ba za a rufe lissafin ba sai an ambaci ƴan benci, waɗanda ba su zo sayen komai ba amma babu cinikin da ake ƙullawa ba da bakinsu ba. Kowannensu yana da wani ɗan uwa a Gusau da ya sayi irin wannan taya ta yi masa shekara huɗu, ko wani maƙwabci a Maradun da ta fashe masa tun kafin ya isa gida, kuma tayar ɗaya ce ake magana a kai. Idan mai saye ya bi shawararsu abin ya yi kyau, su ne suka faɗa. Idan ya ɓaci, dama sun ga alama ba su dai so su yi magana ba.

Mai faci, wanda duk waɗannan suke ƙarewa a gabansa, ba kasafai yake gardama da kowa ba, domin ya lura cewa wanda ya ƙi shawararsa shi ne yake dawowa da aiki. Yana zaune a inuwar darbejiya da bahon ruwansa mai duhu, yana nutsa tif yana bin kumfa da ido, yana soka tsinke a inda iska take fita don kada wurin ya ɓace masa, kuma idan aka matsa masa da tambaya abu biyu kawai yake son ji, wato ina ake zuwa da babur ɗin da kuma me ake ɗora masa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tayoyin da suka tsufa, kuma gane shekarun taya ba ya buƙatar tabarau irin na malam. Mai karatu da yake da babur a zaure zai iya duƙawa ya nemi lambobi huɗu da aka buga a cikin ɗan zagaye a gefen tayarsa: biyun farko su ne makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe kuma shekarar, ta yadda 1519 take nufin mako na 15 na shekarar 2019.