Masu Sayen Taɓo da Kuɗinsu

Hausawa na cewa in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Mai wannan magana bai leƙa Ingila a watan Oktoba ba. Da zarar ganye ya fara zuba, ruwa ya jiƙe ƙasa, sai ka ga ɗaruruwan manya masu hankalinsu, likita da akanta da malamin makaranta mai furfura, sun fito ranar Asabar cikin singileti da gajeren wando suna sheƙa gudu a caɓi, ba kura a bayansu, ba mai bin bashi. Wannan shi ne tseren ratsa daji na kaka, wanda ƙungiyoyin 'yan gudun sha'awa ke yi bi da bi, kusan sau ɗaya a wata, har zuwa Fabrairu. Landan na da nata jerin gasa, Surrey na da nata, Birmingham ma haka. In ka tambaye su, sai su ce lafiya suke nema da ɗaukaka kulob. Ni a ganina abin da suke nema shi ne shaidar shan wahala, wadda za a baje wa abokan aiki ranar Litinin. Gudun kuwa kuɗin shiga ne kawai.

Tun asali abin ya nuna halinsa. Wasan yaran makarantun kwana ne a ƙarni na 19, wanda suka kira zomo da karnuka: wasu su yi gaba suna watsa yayyagaggun takardu, sauran su bi sawu. A 1868 wasu 'yan tseren kwale-kwale a Landan, da hunturu ya hana su ruwa, suka kafa ƙungiyar Thames Hare and Hounds (zomo da karnuka ke nan da Turanci), wato magidanta suka yarda da bakinsu a kira su karnuka. A 1876 aka yi gasar ƙasa ta farko a dajin Epping. Mutum 32 suka tashi, dukkansu suka ɓace hanya, aka soke tseren. Da wata al'umma ce, da ta ɗauki wannan a matsayin ishara ta koma gida. Su kuwa da shekara ta zagayo suka sake hallara.

A duba yadda ɗan kulob ke ji da taɓo. Fili mafi daraja a wurinsu shi ne Parliament Hill a arewacin Landan, inda ake farawa da hawan tudu, daga nan a faɗa lakar da ke cire wa mutum takalmi ta riƙe. In aka yi rashin sa'a rana ta fito ƙasa ta bushe, za ka ji dattawan kulob na gunaguni cewa yau ba a yi tsere ba, yawon shan iska aka yi. Mutum ya sayi takalmi mai ƙusoshi, ya kwana yana shawarar ko ya ɗaura masu milimita 12 ko masu 15, kuma duk wanda ya ɗaura, shi zai ɗora wa laifi da yamma. In an gama ba ya gaggawar wanka. Sai an ɗauki hoton ƙafafun, an ɗora a manhajar Strava, 'yan'uwa sun yi ta jinjina. Taɓon nan shi ne haƙorin Makkansa. Ba a samo shi don a rufe baki ba.

Babbar hujjata ita ce agogo. A tseren kilomita 10 na kan kwalta, lokaci ba ya yi wa kowa kara: ka yi minti 55, maƙwabcinka ya yi 45, magana ta ƙare. A daji kuwa kowane fili da tsawonsa da tudunsa da zurfin lakarsa, shi ya sa hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta ajiye tarihin lokaci mafi sauri a wannan tsere. Ga mai son yabo ba tare da awo ba, ina aka taɓa samun garaɓasa irin wannan? Duk da haka kowa na ɗaure da agogo mai tsada da ke magana da tauraron ɗan'adam, yana auna abin da ba ya aunuwa. Uzuri kuwa tun a bakin layi ake raba shi, kafin a busa usur. Wannan ya ce mura ta kwantar da shi, wancan ya ce gwiwa, na uku ya rantse bai yi atisaye ba tun Agusta. In ya zo baya, ai ya faɗa. In ya yi gaba, ga jarumin da ya yi gudu da mura.

Za a ce mini ai motsa jiki lafiya ne. Ban musa ba. Sai dai tun 2004 aka fara parkrun a Bushy Park, gudun kilomita 5 kyauta kowace Asabar da safe, yawanci a hanya mai kyau, mutum ya dawo gida da takalminsa biyu. Mai neman lafiya zalla can zai nufa. Kuma wanda ya ga yadda ake afka wa kek da shayi a tantin kulob bayan tsere ya san abin da aka ƙona ana mayar da shi har da riba.

Hujjar kishin kulob ta fi nauyi, kuma dole a yi mata adalci. A wannan tsere matsayinka shi ne makinka: na ɗaya maki ɗaya, na hamsin maki hamsin, ƙungiya mai ƙarancin jimilla ita ta ci. Don haka ko mai jan ƙafa na iya yin amfani in ya sha gaban ɗan wata ƙungiya ya ƙara masa maki. Kuma ba kasafai ake samun wasan da saurayi ɗan ashirin da tsoho ɗan saba'in ke tsayawa a layi guda ba. Amma a kalli abin da kishin ke haifarwa a can baya, wajen na ɗari biyu da wani abu, inda an daɗe da gama lissafin maki. Kowa na da abokin gaba na kansa, wani bawan Allah mai koren singileti wanda bai taɓa gaisarwa ba, amma ya haddace sunansa daga takardar sakamako. Wata biyar zai yi yana farautarsa. Mai koren singiletin bai ma san ana yi ba, don shi ma hankalinsa na kan wani mai ja.

Masu cewa daga nan zakaru ke fitowa su ma suna da gaskiya, sai dai zakarun ba daga tantin kek suke fitowa ba. Mazan Kenya sun riƙe kambun ƙungiya na duniya shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. Paul Tergat na Kenya ya ci gasar duniya sau biyar a jere, Kenenisa Bekele na Habasha ya zo ya zarce shi. Ɗan kulob na ambaton sunayensu kamar 'yan ɗakinsu ne. Ya fi jin daɗin labarin Olamfik na Paris a 1924, inda zafi ya sa mutum 15 kacal suka kai ƙarshe cikin 38, Paavo Nurmi na Finland ya ci, aka kori tseren daga Olamfik. Masu shirya gasa sun ga bala'i, shi kuwa har yau yana baƙin cikin ba a haife shi ba lokacin.

Ko rigimar da suka yi a 'yan shekarun nan a kan rabon wahala ce. An daɗe a gasar ƙasa ta Ingila maza na gudun kilomita 12, mata 8. Da gasar duniya ta daidaita kowa a kan kilomita 10 a 2017, sai wasu mata suka ce an tauye musu haƙƙi, a ƙara musu taɓo. Wasu mazan kuma suka tayar da jijiyar wuya, ba don ƙin mata ba, sai don tsoron kada a zaftare musu kilomita biyu daga abin da za su ba da labari ranar Litinin.